Laftof ɗina na shaƙewa da bidiyon biki, Yaya kuma ya ce lalaci ne

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Kano, sana'ata ɗaukar bidiyon biki da tace shi. Bara Yayana ya sayar da babur ɗinsa guda ya saya min laftof 'yar gwanjo: Core i5 zubi na 8, ram giga 8, had-dis tera 1, ba ta da katin hoto na daban. A shagon aka ɗora min manhajar editin, kuma ba ta saye ba ce. Ƙananan ayyuka na 1080 tana yi lafiya lau. To sai na karɓi bikin 'yar wata Hajiya, ƙawar mahaifiyarmu, tun daga kamu har dina. Don in burge na aro kyamara mai 4K, ƙawayen amarya kuma suka turo min bidiyoyin wayoyinsu wai a saka. Tun ranar da na zuba su ban ƙara jin daɗi ba. Hoto na tsalle-tsalle, murya na riga baki, fanka na ihu, manhajar na rufe kanta, in na sa ekspot, wato fitar da kammalallen bidiyo, sai ya kai rabi ya tsaya. Hajiya ta ba ni rabin kuɗi, lokacin alkawari ya wuce da nisa, yanzu ko wayarta ba na iya ɗagawa. Yaya ya ce lalaci ne da zaman majalisa, don mai shago ya rantse masa injin mai ƙarfi ne. Wani abokina ya ce in ci bashi a manhajar ba da rance in sayi wata kawai. Wallahi barci ma ya gagare ni. Ina mafita?

Ƙaninka, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta wasiƙarka, kuma na ga ba kwamfutar ce ta hana ka barci ba, kunyar Hajiya ce da maganar Yaya. Kwamfutar ita ce mafi sauƙi a cikin ukun, kuma daga yadda ka siffanta ta, ba na jin ta mutu. An ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta ne, kuma akwai hanyar rage mata. Don haka maganar bashi ka jingine ta tukuna.

Kafin ka taɓa komai, yau ɗin nan, ka kwafe duk ɗanyen bidiyon bikin zuwa wani had-dis na waje, ko da aro za ka yi, tare da fayil ɗin aikin da ka riga ka fara. In memorin kyamarar bai riga ya koma hannun mai shi ba, kar a goge shi. Injin da ke zafi yana ɗaukewa, da tsohon had-dis a ciki, ba wurin ajiye kwafi ɗaya tilo ba ne. Jinkiri ana yafe shi, amma ba za a sake ɗaura auren nan don ka sake ɗauka ba.

Daga nan sai Hajiya, kuma ita ma ba sai gobe ba. Ka dubi abin daga inda take zaune. Ta tsallake manyan masu ɗauka ta ba ɗan ƙawarta aiki, ta biya rabi, 'yan'uwa na ta tambayarta ina bidiyo, amarya ma na tambaya, shi kuma yaron ya daina ɗaga waya. Abin da zai fara zuwa ranta shi ne ko dai hoton ya salwanta ko kuɗin. Shirunka ya fi jinkirin yi mata ciwo, kuma kullum ka ƙara kwana a kai, mahaifiyarku ce ke ƙara jin nauyin haɗa ido da ita. Ka taka da ƙafarka, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce: "Hajiya, na yi laifi da na yi shiru. Hotunan biki duk suna nan lafiya, na ma ajiye su wuri biyu. Injina ne ya gaza da nauyinsu, ina kan gyara." Ba ta buƙatar jin ram ko furosesa. Ka yanka mata rana, amma ka lissafa kwanakin da kake ganin za su ishe ka sannan ka ƙara wasu a kai, don alkawari na biyu in ya karye ba na uku. Kuma kar ka je hannu rabbana: ka haɗa gajeren bidiyo na minti biyu ko uku, shigowar amarya, addu'ar iyaye, ɗan rawar ƙawaye, wanda za ta iya turawa dangi ta WhatsApp. Wannan ko injinka zai iya fitar da shi cikin dare guda, kuma shi zai saya maka haƙurin sauran. In ka ga ranta ya ɓaci sosai, ka rage mata wani abu daga cikon kuɗin da bakinka, tun kafin ta nema.

To mu koma kan injin. Kada ka sayi ko da sukurun laftof sai ka ga da idonka inda take shaƙewa. Ka buɗe aikin, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ka shiga shafin Performance. Ka kunna bidiyon a taimlayin, wato layin da kake jera shot-shot a kai, ka zuba ido kan layuka huɗu: CPU (furosesa, ƙwaƙwalwar injin), Memory (ram, inda ake riƙe aikin da ake yi a lokacin), Disk (had-dis) da GPU (sashen sarrafa hoto). Wanda ya maƙale a kashi 100 ko kusa da haka lokacin da hoton ke tsalle, shi ne mai laifi. Da irin kayan da ka lissafa, ina sa ran za ka ga ram ta cika har wuya, had-dis kuma ya kafe a 100. Dalili shi ne idan ram ta cika, Windows na juye abin da ya rage kan had-dis, shi kuma had-dis mai juyawa abin da yake iya karantawa bai wuce kimanin megabayit 100 a daƙiƙa ba, ga shi lokaci guda ana neman ya miƙo bidiyo, ya riƙe Windows, ya kuma zama ram ta aro.

Amma babban abin da ya sauya tsakanin ayyukanka na baya da wannan shi ne bidiyon kansa. Hoton 4K ɗigo 3840 ne a 2160, na 1080 kuma 1920 a 1080, wato ninki huɗu cif a kowane firem (hoto guda daga cikin jerin hotunan da ke haɗa bidiyo). Sannan kyamarori da wayoyi suna matse bidiyo da tsarin H.264 ko H.265 don ya shiga memori, kuma wannan matsi an yi shi ne don kallo, ba don yanka ba. Kamar mai kanti ne da ya rubuta cikakken lissafin kayansa ranar Asabar, sauran ranaku kuma sai ya riƙa rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita kawai. In ka tambaye shi buhu nawa ya rage ranar Laraba, sai ya koma Asabar ya biyo lissafin. Haka bidiyonka yake: cikakken firem jefi-jefi ne, sauran duk bambanci ne. Duk lokacin da ka ja kibiya ka tsaya a tsakiyar shot, sai furosesa ta koma baya ta sake gina hoton, kuma a 4K. Furosesarka ta zubi na 8 tana da wani sashe da Intel ke kira Quick Sync wanda ke taimakawa wajen warware H.264 da H.265 na yau da kullum, amma wasu kyamarorin zamani suna ɗauka da launi mai zurfi da ake rubutawa 10-bit 4:2:2, shi kuma wannan sashen na zubinka bai san shi ba, sai nauyin duka ya faɗo kan furosesa. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna MediaInfo, ka jefa mata fayil ɗaya za ta gaya maka irin wanda aka ɗauka.

Maganin wannan ba sabuwar kwamfuta ba ce, firoksi ne. Manhajar za ta yi wa kowane shot ƙaramin kwafi mai sauƙin karantawa, misali 720, ka yi duk yankanka da jerawarka a kansa, ranar ekspot kuma ta koma ta ɗauko na asali. Ingancin abin da za ka miƙa wa Hajiya ba ya raguwa ko kaɗan. Manyan editoci masu injinan miliyoyi ma haka suke aiki, ba dabarar talaka ba ce. In Premiere Pro kake amfani da ita, ka zaɓi shot-shot ɗin a akwatin Project, ka danna dama, ka bi Proxy zuwa Create Proxies, ka zaɓi ProRes mai ƙaramin girma, sannan ka fito da maɓallin Toggle Proxies ƙarƙashin allon kallo ka kunna shi ya zama shuɗi. Da yawa nan suke tuntuɓe: sun yi firoksin, sun manta ba su kunna ba, su ce bai yi aiki ba. A DaVinci Resolve sunansa Generate Proxy Media. Yin firoksin bikin kwana uku zai ci sa'o'i, kuma zai ci wuri a had-dis, don haka ka sa shi da dare a inda wuta ba za ta yanke ba. In gidanku babu tabbas, ka roƙi mai shagon da ke da sola ko inbata ya bar laftof ɗin ta kwana a wurinsa. Kafin ya gama, ka sauke ingancin allon kallo daga Full zuwa 1/2 ko 1/4, ka kuma kashe duk abin da ka ɗora na daidaita girgiza da goge ƙurar hoto da gyaran launi har sai ka kammala yanka. Waɗannan su ake sawa a ƙarshe.

Muryar da ke riga baki kuwa, kusan tabbas daga bidiyoyin ƙawayen amarya take. Waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya a daƙiƙa. In haske ya ragu a zauren biki ko ta yi zafi, sai ta rage, in ta samu sarari ta ƙara. Manhajar editin kuma tana son adadi tsayayye, shi ya sa a farkon shot baki da murya suke tare, kafin ƙarshe sun rabu. Ka sauke HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo ce ta kyauta, ka saka bidiyoyin wayar ciki, a shafin Video ka zaɓi adadin firem ɗin da ya yi daidai da taimlayinka, 25 ko 30, ka danna Constant Framerate, ka fitar da su a 1080. Sai ka maye gurbin tsofaffin da waɗannan. In ka ga wasu daga cikinsu sun yi fari fat kamar an haska su da tocila, HDR ne, wanda iPhone ke ɗauka da shi tun daga iPhone 12. A gaba ka roƙi masu turo maka su kashe shi, su kuma turo a matsayin dokumen, don WhatsApp na matse bidiyon da aka tura kai tsaye. Ni dai a ganina ba dole ba ne duk abin da ƙawa ta turo ya shiga. Ka ɗauki masu kyau biyu ko uku, sauran ka zuba wa amarya a filas daban.

Fankar da ke ihu tana gaya maka wani abu ne. Furosesar laftof idan ta doshi digiri 100 tana rage gudun kanta don kar ta ƙone, sai ka ga injin da ya fara aiki garau ya koma rarrafe bayan ɗan lokaci. Alamar ke nan: da sanyin safiya lafiya, da rana tsaka bala'i. Laftof ɗin da ta sha aiki a wata ƙasa kafin ta zo, ta kuma shaƙi ƙurar hunturun Kano, in an buɗe ta za ka tarar da wani abu kamar auduga ya toshe bakin fankar. Ka kai wa mai gyara ya buɗe a gabanka, ya hure ƙurar, ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen janye zafi ya shafa sabo. Aikin ƙasa da awa ɗaya ne kuma kuɗinsa kaɗan. Ka daina ɗora ta kan katifa ko darduma, ka ɗaga bayanta iska ta shiga ta ƙasa, a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 kuma ka mai da aikin nauyi dare ko asuba. Manhajar HWiNFO za ta nuna maka zafin kafin gyara da bayansa. Ka duba cajar ma. Laftof ɗin gwanjo sau da yawa da cajar da aka tsinto ake haɗa ta, wasu injinan kuma in suka ji cajar ba ta kai watt ɗinsu ba sai su rage gudu da kansu. A kan batir ma haka suke yi, don haka editin da ekspot a jone ake yin su, tare da sa Windows a kan Best performance.

Ekspot da ke mutuwa a rabi, ka lura ko wuri ɗaya yake tsayawa kullum. In wuri ɗaya ne, akwai gurɓataccen shot ko wani ado a daidai wannan mintin, ka je ka cire shi ko ka wuce da shi ta HandBrake. In wurin na sauyawa, zafi ne ko ƙarancin wuri a had-dis, sai ka goge tarin media cache, wato fayilolin wucin gadi da take tarawa, daga cikin saitin manhajar ka samar da sarari. Ka kuma daina fitar da biki duka a dunƙule. Kamu daban, ɗaurin aure daban, dina daban, kowanne a 1080. A waya da talabijin ɗin falo za a kalla, ba wanda zai tambaye ka 4K.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, ta manhajar da ba a saya ba. Ban da haƙƙin masu ita, irin waɗannan ba sa karɓar gyaran da kamfani ke fitarwa, wasu kuma ana cusa musu ɓoyayyen shirin da ke haƙar kuɗin intanet da ƙarfin injinka. Ka rufe komai ka dubi Task Manager: in furosesa na ta aiki alhali ba ka buɗe komai ba, akwai baƙo a ciki. Ba na ce ka sauya manhaja a tsakiyar aikin Hajiya ba, wannan zai mai da kai farko. Amma da zarar ka miƙa, ka yanke shawara: ko ka riƙa sa kuɗin rajistar wata-wata cikin farashin aikinka, ko ka koma ta kyauta. DaVinci Resolve na da ta kyauta mai ƙarfi, sai dai tana son katin hoto, a injinka za ta wahala. Kdenlive da Shotcut kyauta ne, ba su da nauyi, kuma duk suna yin firoksi.

Idan za a kashe kuɗi, wuri biyu ne suka cancanta. Na farko SSD, wato ma'ajiya marar juyawa da ke maye gurbin had-dis, wanda ko mai arha yana karanta kimanin megabayit 500 a daƙiƙa, ninki biyar na had-dis ɗinka. A ɗora Windows da manhaja da firoksi a kansa, tsohon ya koma ma'ajiya. Na biyu ƙarin ram zuwa giga 16, wanda shi ne abin da Adobe kanta, mai Premiere Pro, ke ba da shawara don aikin HD, giga 32 kuma don 4K. Ka sa mai gyara ya duba tun lokacin da ya buɗe ta ko akwai gurbin ƙari, don wasu an like musu ram ɗin. A Farm Centre za ka samu duka biyun, amma in na hannu ne ka sa a gwada lafiyar SSD ɗin da manhajar CrystalDiskInfo a gabanka kafin ka biya. Su biyun a haɗe ba su kama ƙafar kuɗin wata laftof ba. In kuma ranar da ka yanka wa Hajiya ta matso ba ka ga haske ba, ka ɗauki had-dis ɗinka ka nufi ofisoshin editocin fim da ke wajen Zoo Road, ka biya hayar inji na yini ko ka ba wani ya fitar maka. Ribarka za ta ragu, aikin zai fita, kuma zama kusa da wanda ya daɗe a sana'ar na yini guda ba asara ba ne.

Bashin manhajar rance ban goyi baya ba ko kaɗan. Kuɗin ruwansu mai nauyi ne, wa'adinsu gajere, sana'arka kuma ta kaka ce, wani watan biki uku wani watan babu. Wasunsu in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna tura saƙon tozarci, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara dirar musu tun 2022. Ka tuna lambar wa da wa ke cikin wayarka. Akwai ta Hajiya, akwai ta Yaya. Kuma sabon injin ma, in ka zuba masa bidiyon waya ba ka daidaita ba, muryar za ta ci gaba da riga baki. Abokinka da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ba shi zai biya ba.

Sai Yaya. Mutumin nan babur ya sayar. Duk lokacin da ka ce masa "injin ba ya ja", abin da kunnensa ke ji shi ne an cuce shi a kasuwa, ko kuma sadaukarwarsa ba ta isa ba, kuma ya fi masa sauƙi ya ce kai ne malalaci da ya yarda da ɗayan biyun. Mai shagon ma ba ƙarya ya shirga gaba ɗaya ba, injin ya yi maka ayyukan 1080 ba gardama, kai ne ka kawo 4K. Don haka kar ka je masa da ƙorafi ko roƙon kuɗi. Bayan ka yi firoksin, ka kira shi ka zaunar da shi gaban allon. Ka kashe maɓallin ya ga hoton na tsalle, ka kunna ya ga yana tafiya sumul, ka ce: "Yaya, injin da ka saya min lafiyarsa ƙalau, aikin ne ya girme shi, ga kuma yadda na shawo kansa. In Hajiya ta cika min, zan ƙara masa kaza da kaza daga ciki." Wanda ya ga ƙaninsa ya zo da lissafi ba ya ƙara kiransa malalaci, wataƙila ma shi zai ce a sayo SSD ɗin yanzu. Zancen majalisa kuwa, kai ka san gaskiyarsa. Idan injin ya daskare mutum ya kan tashi ya fita don takaici, awa ɗaya ta zama uku, kuma abin da Yaya ke gani daga waje ke nan. Har ka miƙa aikin nan, a riƙa ganinka a gida.

Aiki na gaba ka ɗauka a 1080, a firem 25 ko 50 don wutarmu mai zagaye 50 ce kuma hakan na rage ƙyaftawar fitilun zaure, ka kuma faɗa wa masu biki tun wajen ciniki adadin bidiyon waya da za ka karɓa. In masu neman 4K suka yawaita har ya zama dole ka sauya inji, ka shiga adashi ka sayar da wannan ka cika, da sanin Yaya. Ka rubuto min abin da Task Manager ya nuna a layukan nan huɗu, da zafin furosesar kafin a buɗe ta da bayan an hure, sai mu ga ko ram za ka fara saye ko SSD. Allah Ya sa albarka a sana'ar, ka gaishe min da Yaya.